Tambaya kan tsohon otal ɗin Dwellingup: me ya kai gwamnati gina mashaya a garin 'yan katako?

Baƙon Perth:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya, amma sai na ɗan yi shimfiɗa tukuna, ku yi haƙuri da ni.

Ni ɗan Kano ne, kuma a kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa na tashi, don a nan mahaifinmu yake da rumfa. Tun ina firamare na san ƙanshin ɗanyen katako idan ana sauke shi daga tirela, na iya bambance loko da maɗaci da afara tun kafin in iya haɗa baƙi sosai. Shi ya sa duk inda na ga garin da katako ya raya, ƙafata ba ta iya wucewa.

Yanzu shekarata ta biyu ke nan ina karatu a Perth, a jihar Yammacin Ostiraliya. Ranar Asabar da ta wuce 'yan ajinmu suka shirya fita zuwa wani ɗan gari mai suna Dwellingup, tafiyar kusan kilomita 100 kudu da Perth. Ana bi ta garin Pinjarra, sannan a hau tudu a shiga daji. Nan yanzu damina ce da sanyi, kuma a wannan lokacin ne kawai ake tayar da tsohon jirgin ƙasa mai tururi, domin da rani ana tsoron tartsatsinsa ya kunna daji. Jirgin muka je hawa. Ni kuwa abin da ya ɗauke mini hankali daban ne.

Garin ƙarami ne ƙwarai, mutanensa 'yan ɗaruruwa ne. Da na zazzaga sai na lura kusan duk gine-ginen ba su da wani tsufa, in ban da guda ɗaya da ke kusa da tashar jirgi: ginin jan bulo mai rufin kwano da baranda. Shi ne otal ɗin garin, abin da su ke kira pub. Da azahar can aka nufa cin abinci. Na tsaya a ƙofa ina jinjina abin, don a iya sanina pub gidan giya ne. Wata abokiyar karatunmu ta ce in leƙa tukuna. Da na leƙa sai na ga tsofaffi mata da miji, na ga yara suna cin soyayyen dankali, na ga masu keke da taɓo a ƙafafunsu, da wasu matafiya da manyan jakunkuna a jingine da bango. Kantar giya tana gefenta. Na zauna a waje na ci kifi da dankali, na sha lemo.

Daga nan na shiga ofishin baƙi na garin, inda aka ajiye hotunan gobarar 1961. Jama'a, na ga hoton unguwa guda ba abin da ya rage sai bututun hayaƙi a tsattsaye da kwanon rufi a murɗe a ƙasa. Na tuna rumfarmu, na tuna yadda mahaifina ba ya barin ko mai shan taba ya tsaya kusa da tarin katako. A can ne na karanta cewa an gina otal ɗin a 1911, cewa gwamnatin jiha ce da kanta ta gina shi ta kuma gudanar da shi, kuma yana cikin 'yan gine-ginen da wutar ta bari.

To ga tambayoyina ga waɗanda suka daɗe a ƙasar nan ko suka san tarihinta. Me zai sa gwamnati ta ɗebi kuɗin jama'a ta gina wurin sayar da giya a tsakiyar daji? Yaya aka yi gari ya ƙone shi ya tsira? Kuma me ya sa mutanen garin ke maganarsa kamar yadda mu ke maganar tsohon masallacin unguwa ko ƙofar gari? Ina tambaya ne don in fahimta, ba don ina sha'awar abin da ake sha a ciki ba.

Ɗan Mandurah:

Wa alaikumus salam ƙanena, barka da zuwa. Shekarata 14 a wannan yanki, ina aiki a ɓangaren ma'adinai, kuma Dwellingup ba ta kai tafiyar awa guda daga gidana ba. Na kai iyalina can ya fi a ƙirga. Bari in gaya maka abin da na fahimta.

Ka fara da yanayin wurin a wancan zamanin. A 1910 ne layin dogo daga Pinjarra ya iso Dwellingup, a shekarar ne kuma aka ayyana wurin a matsayin gari. Kafin ka ce kwabo, injinan tsaga katako sun zagaye shi: Holyoake, Marrinup, Nanga Brook, Banksiadale. Kowane inji da ƙauyensa. Kamfani ne ke da gidajen, da kantin, da ɗan layin dogon da ke shiga daji ya kwaso gumagumai. Masu iyali a ba su ɗan gidan katako, gwauraye kuma a jera su a bukkoki masu ɗaki ɗaya. Ban da waɗannan akwai masu sassaƙa katakon da ake shimfiɗa layin dogo a kai, waɗanda ke kwana a tanti cikin daji, ana biyansu gwargwadon abin da gatarinsu ya fitar. Ka ɗauki ɗaruruwan maza majiya ƙarfi, nesa da danginsu, aikinsu mai haɗari, zarto na cin yatsu, itace na danne mutum, sannan ranar biya ta zo kuɗi ya cika aljihu ba wurin zuwa. Abin da ke biyo baya sananne ne: 'yan sayar da giya ta bayan fage su shigo da gurɓatacciyar barasa, su sayar da tsada, a yi faɗa, a ji rauni, mata da yara su wayi gari ba kuɗin cefane.

Gwamnatin jihar ta riga ta gwada wata dabara a Gwalia, garin haƙar zinariya da ke can cikin hamada kusa da Leonora. A 1903 ta gina otal nata na kanta a can domin ta karya kasuwar 'yan bayan fage. Tunanin ya samo asali daga wani tsari da aka fara a birnin Gothenburg na Suwidin: tunda an kasa hana mutanen sha, to a cire riba daga hannun mai zuba musu. Manajan otal ɗin gwamnati albashi yake karɓa. Ko ya sayar da kwalba goma ko ɗari, aljihunsa ɗaya ne, don haka ba shi da dalilin ci gaba da zuba wa wanda ya riga ya yi tatul, ko ya buɗe bayan lokacin da doka ta yanka. Na Dwellingup ya biyo bayan na Gwalia, daga baya aka ƙara wasu a garuruwan noman alkama irin su Kwolyin da Bruce Rock da Wongan Hills da Corrigin da Bolgart. Zamanin ma ya ba da hakan, domin gwamnatin jihar ta jam'iyyar Leba ƙarƙashin John Scaddan, wadda ta yi mulki daga 1911 zuwa 1916, ta shiga kasuwanci gadan-gadan: tana da injinan katako nata, da jiragen ruwa, da wurin yin bulo, har da shagunan nama.

Abu na biyu da ya kamata ka sani shi ne dalilin da ya sa ake kiran irin wuraren nan otal. A dokokin Ostiraliya na da, ba a ba ka lasin sayar da giya sai ka tanadi ɗakunan kwana da abinci ga matafiya. Saboda haka a ƙaramin gari, otal shi ne masaukin baƙi. Sabon malamin makaranta da aka turo, da jami'in gandun daji, da ɗan kasuwa mai yawo da samfurin kaya, duk a can suke sauka. A irin waɗannan otal ɗin ne a ƙauyukan ƙasar nan ake taron ƙungiyar ƙwallo, ake karɓar gudummawa idan inji ya kashe wani ya bar marayu, ake jin inda ake ɗaukar ma'aikata. Mafi muhimmanci a wurina, shi ne kusan rufi ɗaya tilo da ma'aikaci zai zauna a ƙarƙashinsa wanda ba na kamfanin da yake yi wa aiki ba. Gidansa na kamfani ne, kantin da yake cin bashi na kamfani ne. A nan kaɗai zai iya buɗe baki ya yi maganar albashi ba a cikin harabar maigida ba.

Maganar wuta kuwa, ga yadda ta kasance. Ranar 19 ga Janairun 1961, tsakiyar bazararsu, tsawa ta faɗa a wurare da dama cikin dajin, ba ruwan kirki a tare da ita. Ma'aikatan gandun daji da na injina suka kwana biyar suna fama. Ranar 24 ga wata zafi ya haura digiri 40, ga iska mai ƙarfi da wata guguwar teku daga arewa ta haddasa. Wutoci suka haɗe, da dare suka auka wa garin. Garwashi ne ke tashi sama yana faɗawa kan gidaje tun kafin harshen wutar ya iso. Gidaje 132 suka ƙone, da asibiti, da shaguna, mutum kusan 800 suka rasa matsuguni. Mutane sun taru a filayen da ba itatuwa, a cikin motoci da bayansu, suka kwana suna kallon garinsu yana ci. Abin da har yau ake jinjinawa shi ne ko rai ɗaya bai salwanta ba.

A ganina tsirar otal ɗin ba ta rasa nasaba da abin da ka gani da idonka: bulo ne, a garin da kusan komai katako ne busasshe, kuma akwai sarari a gabansa wajen titi da tashar jirgi. Gwamnati ta yi ginin ne don ya daɗe. Kamfanonin katako kuwa ba su taɓa yin gini don ya daɗe ba, domin sun san in itatuwan wuri suka ƙare za su tattara su ƙara gaba.

Bayan gobarar aka sake gina Dwellingup. Holyoake da Nanga Brook da abin da ya rage na Marrinup, waɗanda su ma suka ƙone, ba a mayar da su ba. Ita gwamnati tun a 1959 ta yi dokar sayar da otal-otal ɗinta, na Dwellingup kuma ya koma hannun mutanen gari, shi ya sa aka daɗe ana kiransa otal ɗin al'umma. Ka ga amsar tambayarka ta uku ke nan. Tsohon da aka haifa a garin kafin 1961 sau da yawa ba shi da gidan da zai nuna wa jikansa ya ce nan aka haife ni. Abin da zai iya nunawa ya ce kakanka ya zauna a wannan barandar bai wuce wannan ginin ba.

Almajirin Zazzau:

Salamu alaikum. Na karanta duka, na kuma ƙaru. Amma ɗan'uwa Baƙon Perth, don Allah ka yi hattara. Duk tarihin da wuri yake da shi, in dai ana sayar da giya a cikinsa, zama a ciki abu ne da malamai suka yi magana a kansa da kakkausar murya. Na ji daɗi da ka ce a waje ka zauna. Ina tsoron kada daɗin labari ya sa abin ya yi sauƙi a zuciya, yau baranda, gobe ciki.

Sannan Yaya Ɗan Mandurah, ban gamsu da cewa dabarar gwamnatin ta yi wani amfani ba. Ko manaja yana kan albashi, ai kuɗin leburan ne dai ke tafiya, kuma matarsa ce dai ke kwana da yunwa. An dai canja aljihun da kuɗin ke faɗawa ne. Allah ya tsare mana imaninmu a duk inda muke.

Ɗan Mandurah:

Amin Malam. Ban ce ta magance shaye-shaye ba, kuma ba ta magance ba. Masu yaƙi da giya na wancan zamanin, waɗanda da yawa daga cikinsu matan coci ne, sun faɗi irin abin da ka faɗa, cewa gwamnati ta zama 'yar kasuwar abin da ya kamata ta hana. Na kawo dalilin waɗanda suka gina shi ne, tunda shi aka tambaya.

Uwar Biyu:

Sannunku. Ni ma'aikaciyar jinya ce a kudancin Perth, kuma yarana suna son kogin Murray da ke gangaren Dwellingup, don haka mukan je lokacin hutu. Ina so in ƙara abin da maza ba su cika kawowa ba idan ana wannan hira.

Ɗan'uwa, yaran da matan da ka gani suna cin abinci a ciki sabon abu ne. A Ostiraliya, har zuwa wajen shekarun 1970, ɗakin kanta na maza ne zalla. Mace in ta zo sai dai a kai ta wani ɗaki na gefe da aka ware wa mata, wasu kuma a mota suke jira, miji ya miƙo musu lemo ta taga. Na yi jinyar tsofaffin mata da dama da suka tashi a garuruwan katako na kudu maso yamma, kuma idan suna ba da labari ba otal suke fara ambata ba. Suna maganar murhun itace da ba ya mutuwa, da wanki a tukunyar tagulla, da ƙarar usur ɗin inji da safe, da yadda gaban kowace mace ke faɗuwa idan usur ya busa ba a kan lokacinsa ba, domin hakan na nufin wani ya ji rauni. Wata ta ce mini ranar biya mahaifiyarta takan aike ta ta tsaya a ƙofar otal ɗin garinsu ta karɓo kuɗin cefane daga hannun mahaifinta tun kafin ya shiga. Tana da shekara fiye da 80 tana ba ni labarin, amma muryarta na rawa. Don haka maganar Malam na Zazzau tana da ƙamshin gaskiya.

Akwai kuma waɗanda ko ɗakin gefen ba a ba su ba. Ƙasar nan ta mutanen Noongar ce, wato 'yan asalin yankin tun kafin zuwan Turawa, kuma sunan Dwellingup ma daga harshensu ya fito, ana fassara shi da wurin da ruwa ke kusa. A Pinjarra da kuka ratsa, a watan Oktoban 1834, gwamna James Stirling ya jagoranci mutanensa suka buɗe wa Noongar wuta a bakin kogi, aka kashe maza da mata da yara. Bayan haka dokar 1905 ta sa rayuwarsu gaba ɗaya a hannun hukuma: inda za su zauna, wanda za su aura, har da ɗauke musu 'ya'ya. Shekaru da yawa doka ta haramta a sayar musu da giya, wanda a aikace ya zama hana su shiga wurin da gari ke taruwa, ake samun labarin aiki, ake yanke shawara. Ni ba na sha, ba na kuma fatan kowa ya sha, amma na san hanin nan ba don tausayinsu aka yi shi ba.

Ina faɗin wannan ne don idan ka ji ana cewa otal ne zuciyar gari, ka tambaya garin su wa. Yanzu dai ƙofa a buɗe take ga kowa, kuma ban taɓa ganin wulaƙanci a garin ba duk da hijabina. In ka koma kuma ba ka son zama can, akwai wuraren shan shayi a garin, akwai kuma tebura a filin da ke gaban tashar. Mu da kular abincinmu muke zuwa.

Tsohon Malamin Daji:

Ɗana Baƙon Perth, Allah ya yi maka albarka, ya kuma ƙara wa mahaifinka kasuwa. Ni na yi aikin gandun daji shekara 33 a Kaduna kafin in yi ritaya, kuma jikata ce ta nuna mini wannan hira. Ban taɓa taka Ostiraliya ba, amma sunan Dwellingup na san shi tun muna makarantar koyon aikin daji, domin duk wanda ya karanci wutar daji sai ya ci karo da shi.

Itacen da ya kafa garin nan ana kiransa jarrah, kuma ɗan'uwan bishiyar turare ne, wadda muka daddasa a dajin Afaka na Kaduna da kuma shingayen kare hamada a Kano da Jigawa da Katsina. Asalin turaren namu ma daga can aka kawo shi. Sai dai jarrah katakonsa ja ne, mai nauyi, gara ba ta cika damunsa ba, ruwa ba ya saurin ruɓar da shi. Saboda haka aka yi ta jigilarsa zuwa ƙasashen waje ana shimfiɗa layin dogo a kansa, har titunan Landan an taɓa daɓe wasu da gutsattsarinsa. An sare shi ba ƙaƙƙautawa, sai a 1918 aka yi dokar gandun daji a jihar, a zamanin shugaban hukumar gandun dajin jihar, Charles Lane Poole, wanda ya yi rigima da manyan kamfanonin katako har ya ajiye aikinsa. Sunansa ne aka sa wa gandun da ke kudu da garin.

Darasin 1961 shi ne wannan. Dangin turare suna zubar da ganye da ɓawo da ƙirare kowace shekara, ga mai a cikin ganyen. Mutanen Noongar sun saba sa wa daji wuta kaɗan-kaɗan a lokacin da ba za ta yi ƙarfi ba. Da Turawa suka zo sai aka koma kashe kowace wuta, ga kuma rassan da masu sara ke bari a ƙasa. Makamashi ya yi ta taruwa. Hukumar binciken da aka kafa bayan gobarar, ƙarƙashin G. J. Rodger, ta ba da shawarar a riƙa ƙona dajin da gangan a lokacin sanyi-sanyi domin rage abin da wuta za ta ci. Daga nan jihar ta zama kan gaba a wannan fanni, har a tsakiyar shekarun 1960 suka fara kunna irin wannan wuta daga jirgin sama. Mu ma a nan muna yin ƙunar wuri da zarar damina ta ɗauke, kafin ciyawa ta bushe ƙarau, kuma dalilin ɗaya ne.

Amma kada ka ɗauka tsirar otal ɗin nan dole ce. A Janairun 2016 tsawa ta kunna wuta a cikin gandun Lane Poole ɗin nan, ta gangara ta cinye Yarloop, wani tsohon garin katako da ba shi da nisa. Mutum 2 suka rasu, gine-gine wajen 180 suka tafi, har da tsofaffin ma'aikatun gyaran injina da aka mayar gidan tarihi, har da otal ɗin garin. Na kalli hotunan a talabijin a lokacin, na kuma yi baƙin ciki kamar na san wurin.

Ina da roƙo. In ka sake zuwa, ka duba mini kututturan tsofaffin itatuwan da aka sare da gatari da zarton mutum biyu, ka gaya mini faɗinsu.

Baƙon Perth:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Malam na Zazzau, na karɓi nasiharka hannu biyu, kuma na riƙe. Anti Uwar Biyu, labarin yarinyar nan da ke tsaye a ƙofa bai bar ni na yi barci da wuri ba.

Baba Malamin Daji, na cika aikenka. Jiya Lahadi na roƙi wani abokina ɗan Pakistan mai mota muka koma, wannan karon ba don jirgi ba. Mun fara da Nanga Brook. Yanzu wurin kwanan masu yawon daji ne, mutane sun kakkafa tantuna suna gasa nama, yara na wasa a rafi. In ba an gaya maka ba, ba za ka ce an taɓa yin gari a nan mai makaranta da kanti ba. A hanyar da ke bin tsohon layin jirgin katako na ga kututturan da ka ce. Akwai wanda ni da abokina muka kama hannu muka kasa zagaye ko rabinsa, gefensa baƙi ƙirin da tsohuwar ƙuna. Itatuwan da ke tsaye kewaye da shi kuwa yawancinsu ba su fi in rungume su ni kaɗai ba. A Na'ibawa na sha jin mahaifina yana cewa faifan katakon da ake kawowa yanzu bai kai faɗin na zamanin da ya fara kasuwa ba. Jiya na ga abin da yake nufi a tsaye a gabana.

Daga nan muka je Marrinup. Ashe a lokacin yaƙin duniya na biyu, daga 1943 zuwa 1946, an tsare fursunonin yaƙi Jamusawa da Italiyawa a can, suna saran itacen girki ana kai wa Perth. Harsashin gine-ginen na nan, da duwatsun da suka jera suka kewaye gadajen furanninsu. Daji ya rufe sauran.

Da la'asar muka dawo cikin gari. Na yi salla a kan ciyawar filin da ke kusa da tashar, sannan na zauna ina kallon otal ɗin daga nesa. Wani dattijo da ke yawo da karensa ya tsaya muka gaisa, ya tambaye ni daga ina, na ce Najeriya, kuma mahaifina katako yake sayarwa. Sai ya zauna. Ya ce shi ma a injin katako ya ƙare ƙuruciyarsa, ya nuna mini hannunsa na hagu, yatsu biyu babu. Ya yi maganar hana saran dajin asali da gwamnatin jihar ta yi daga farkon 2024, ransa a ɓace, ya kuma yi ƙorafin cewa masu haƙar ma'adinin alminiyam suna ci gaba da share daji a kusa, amma mai zarto ne aka hana. Ni ina ganin kututturan da na gani da safe sun isa hujjar a bar dajin ya huta, na kuma gaya masa haka. Bai ji haushi ba. Ya ce yanzu masu keke da masu tafiyar ƙasa a hanyar Bibbulmun, wadda ta taso daga Kalamunda a gefen Perth har garin Albany a gabar tekun kudu kusan kilomita 1,000, su ne ke riƙe da garin, su ne kuma ke cika teburan otal ɗin.

Na tambaye shi ko yana garin a daren gobarar. Ya ce yana yaro, a bayan mota ya kwana an lulluɓe shi da jiƙaƙƙen bargo, kuma da gari ya waye mahaifiyarsa ta kasa gane inda gidansu yake sai da ta ƙirga daga kwanar otal. Ya nuna mini kwanar da sandarsa. Na nemi izininsa na ɗauki hoton wurin, na tura wa mahaifina ta WhatsApp tare da na kututturen. Da asubar nan ya kira ni, tambayarsa ta farko ita ce ko jan katakon nan yana karɓar ƙusa ba tare da ya tsage ba. Baba Malamin Daji, wannan kuma kai zan tura wa.